Adon Furen Biki a Ƙasar Zafi: Daga Karɓar Aiki Zuwa Kwance Kaya

Wardin da aka yanko a gonakin bakin Tafkin Naivasha na ƙasar Kenya cikin sanyi ya girma. An ɗaure shi cikin kwali, ya kwana a ɗakin sanyi, ya hau jirgi daga Nairobi, sai ga shi a Kano cikin watan Afirilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 ko ya haura. Tun daga sa'ar da kwalin nan ya shigo hannunki furen ya kama hanyar mutuwa. Aikinki shi ne ki ja masa lokaci har amarya ta shigo, a yi hotuna, a yi liƙi, a watse.

Yawancin masu sha'awar sana'ar nan haɗa launi da tsara dandamali irin na Instagram ne ke jan hankalinsu, alhali wannan ɓangaren ya fi kowanne sauƙin koyo. Abin da ke raba ƙwararriya da 'yar koyo a ƙasarmu shi ne ruwa, inuwa, agogo da lissafi.

Zaman farko da masu biki

Bikinmu ba taro ɗaya ba ne. Akwai kamu, sa lalle, walima, dina, buɗar kai, wasu ma su ƙara da wunin iyaye mata. Fara tambaya wanne aka kira ki ki yi, domin kowanne da abin da yake ɗauka. Kamu ya fi son kayan gargajiya: tabarma, ƙwarya, faifai, tulu, sai fure kaɗan. Dina ce ke cin fure. Walimar rana a ƙarƙashin rumfa kuwa ita ce mafi wahala ga ɗanyen fure, don babu abin da zai kare shi daga hucin rana.

Sai ki nemi sa'a ta gaskiya. Kati zai ce ƙarfe 7, amma kowa ya san amarya ba za ta shigo ba sai wajen 9. Wannan tazarar ta awa biyu tana cikin lissafinki, domin furen yana zaune yana jira.

Kada ki yarda da launi ta waya. Abin da amarya ke kira ruwan gwal a allon wayarta zai iya zama ruwan ƙasa a naki. A ba ki ƙyallen yadin kayanta da na anko, ki riƙe shi a jaka ki tafi da shi wajen sayayya.

Abu mafi muhimmanci a zaman nan shi ne ki gane wa ke zaɓe, wa kuma ke biya. Sau tari amarya ce ke turo hotuna, kuɗin kuwa yana hannun mahaifiyarta ko wata gwaggo. Haɗa su wuri guda, ko a kiran waya ne, ki faɗi gaskiya tun da wuri: "Hajiya, hoton nan da amarya ta turo, furen jikinsa kaɗai ya fi kuɗin da aka ware wa adon gaba ɗaya. Amma bari in nuna miki abin da kuɗin zai iya yi." Wanda aka faɗa wa haka saura wata biyu yakan gode, wanda ya gano da idonsa ranar biki ba ya yafewa.

Je ki ga wurin da ƙafarki

Tafi da tef na awo. Auna faɗin dandamali, tsawon rufi, da faɗin ƙofar da za ki shigo da ƙarafa. Tambayi mai kula da zauren ko ana barin buga ƙusa ko manna gam a bango, ina famfo yake, kuma ko akwai wani taro a ranar kafin naku, don akwai zaurukan da ba za a ba ki su ba sai bayan la'asar. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce: ƙarfe nawa ake tayar da janareta a kunna na'urar sanyaya wuri? Wurare da yawa ba sa kunnawa sai dab da shigowar baƙi, saboda tsadar dizal. Idan haka ne, ko dai masu biki su biya ƙarin awanni, ko ki jinkirta shigo da ɗanyen fure. Ki kuma tambayi irin fitilun da za a haska. Fitila shuɗiya ko ja tana kashe launin fure, farin wardi ya koma kamar ya kwana biyu.

Ɗanye ko na roba?

Ra'ayina a nan a fili yake: a yanayinmu, cika zaure da ɗanyen fure tun daga ƙofa har rufi ɓarnar kuɗi ce, sai fa ga wanda kuɗin ba ya damunsa. Ki sa ɗanye inda hannu ke taɓawa, hanci ke shaƙa, kyamara ke matsowa: furen hannun amarya, gaban kujerar amarya da ango, teburin iyaye da manyan baƙi, teburin kek. Abin da ya haura kai ko yake nesa da ido, na roba mai kyau ya wadatar, kuma shi ne jarinki, don za ki yi ta juya shi daga biki zuwa biki.

Na roba ma suna suka tara. Yawancinsa daga Chana yake zuwa, ana samunsa a kasuwar Sabon Gari ta Kano da manyan kasuwannin Legas. Guji mai ƙyalli da mai launi ɗaya tak tun daga tsakiya har baki. Furen gaske yana da duhu a ciki, haske a gefe. Dabarar da ke rufa wa na roba asiri ita ce ɗanyen ganye. Idan kika cusa shi cikin ganyen gaske, ba kowa ne zai iya bambancewa ba.

Wane fure, kuma daga ina

Hanyoyi uku ne. Na farko Jos, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 1,200 daga teku, sanyinta ya sa ake noman fure a kewayenta kamar yadda ake noman dankalin Turawa. Furen Jos ya fi araha, yana kuma isowa da sauran ƙarfinsa idan motar ta taso da dare ko da asuba, sai dai ba kullum za ki samu launi ɗaya da yawa ba. Na biyu, na waje: Kenya, Habasha da Holan, ta hannun dillalan Legas da Abuja. Kansa ya fi girma, launinsa daidai wa daida, amma farashinsa na bin dala, kuma yakan yi tashin gwauron zabo a makonnin da ke gabanin ranar masoya, 14 ga Fabrairu. Na uku, abin da ke kewaye da ke: ganyen bishiyar turare, ganyen dabino, kaba, kan gamba, zangarniyar gero da dawa, auduga a jikin reshenta. Zangarniyar gero a cikin tulu a wajen kamu ta fi wardin Holan dacewa, ba ta kuma san yaushi ba.

Wajen juriya, furannin da ake kira kaneshan da kirisantimam ne a gaba. Sukan yi mako guda ko fiye idan an kula da su. Okid ma yana jure zafi. Jifsofila, ƙananan fararen nan masu cike gurbi, ko ta bushe ba ta muni. Wardi yana tsaka-tsaki. Haidiranjiya, mai babban kai da amare ke so a hoto, ita ce raguwar cikinsu: ta rasa ruwa na ɗan lokaci sai ta langaɓe. Kada ki kai ta walimar rana.

Akwai kuma waɗanda ba a kusantar da su ga abinci. Oliyanda da ake shukawa a bakin titi guba ce gaba ɗayanta, nonon tumfafiya kuma yana illata ido. Wardin waje ma an yi masa feshin magani a gona, don haka in za a ɗora shi a kan kek, a naɗe gindinsa, kada ya taɓa abin da za a ci.

Lissafi kafin farashi

Kada ki yanke kuɗi da ka. Kowane ado ki rubuta abin da zai ci, kara bayan kara. A ce tebur 30 ne, kowanne zai ɗauki wardi 5, kaneshan 6, reshen kirisantimam 3, ganye 5. Wardi 150 ke nan na tebura. Furen hannun amarya 24, gaban kujera 60, jimla 234. Ƙara kashi 15 cikin ɗari saboda waɗanda za su iso a karye ko su ƙi buɗewa, ya zama 270. Idan dillalinki na sayarwa a ɗaurin 20, ɗauri 14 za ki yi oda. Haka za ki bi kowane nau'i.

Masu wannan sana'a a Turai da Amurka sukan ninka kuɗin sarin fure sau uku ko fiye, sannan su ɗora kuɗin aiki. Kasuwarmu ba lallai ta ɗauki haka ba a kan furen da aka sayo da dala, amma duk wadda ta yi ƙasa da ninki biyu tana yi wa wani bauta ne. Kuɗin da ke zurarewa ba a gani su ne na mota zuwa da dawowa, ƙanƙara, man janareta na kwanakin da fure ke gidanki, ladan yaran aiki da abincinsu, hayar tsani, gam, waya, da gilasan da za su fashe. Rubuta su duka.

Sannan a yi takarda, ko da a WhatsApp ne, a amsa da "na amince". Ta ƙunshi cewa farashin na mako biyu ne kawai. Kuɗin kafin alƙalami ya isa sayen duk furen da kayan aiki, ni ina ganin kada ya gaza kashi 70. Ciko kuma a biya kafin ranar biki, don bin bashin biki bayan an watse aiki ne mai cin rai. A rubuta cewa in wani fure bai samu ba za ki musanya da mai kama da shi a launi da daraja. A rubuta cewa gilasai, ƙarafa da furen roba haya ne. A kuma rubuta abin da zai faru in an ɗaga biki, domin ana ɗagawa, ko don rasuwa ko don wani dalili, furen da ya riga ya sauka kuwa ba ya jiran sabuwar rana.

Ki lura da kalanda. Bukukuwa kan yi cunkoso kafin azumi, bayan sallah, da ƙarshen shekara. A irin waɗannan lokutan ki yi oda da wuri, kuma kada kwaɗayi ya sa ki karɓi manyan ayyuka biyu a dare ɗaya.

Shayar da fure

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci.

Idan dina daren Asabar ce, wardi ya iso Laraba a lokacin hunturu, Alhamis a lokacin bazara, don zafi na sa shi saurin buɗewa. Furen lili da ya zo a rufe yana buƙatar kwana huɗu zuwa biyar, saboda haka shi ake fara kawowa.

Kafin kwali ya iso, wanke bokitai da sabulu da ɗan bilic, irin su Hypo ko Jik. Bokitin da ba za ki iya shan ruwa a cikinsa ba, bai dace da fure ba. Dalili kuwa, abin da ke kashe yankakken fure da wuri ƙwayoyin cuta ne da ke toshe ƙananan hanyoyin da ruwa ke bi a cikin kara. Furen na tsaye cikin ruwa amma ƙishirwa na kashe shi.

Zuba ruwa mai tsabta, ba mai sanyin ƙanƙara ba, ki sa masa abincin fure. In babu na saye, haɗa naki: a kowace lita ɗaya, babban cokali biyu na ruwan lemon tsami, babban cokali ɗaya na sukari, da bilic rabin ƙaramin cokali. Sukari ne abincin, tsami na taimaka wa ruwa ya hau, bilic na kashe ƙwayoyin cuta. Kada ki sa sukari ba bilic, ƙwayoyin kika ciyar.

Sai ki ɗauki fure ɗaya bayan ɗaya. Tsige duk ganyen da zai nutse a ruwa. Yanke santimita 2 zuwa 3 daga gindi, a karkace, da wuƙa mai kaifi ko almakashin lambu. Almakashin ɗinki murƙushe karan yake yi. Kina yankewa kina jefawa a ruwa, kada ki tara su a tebur, don bakin yankan na shan iska ya toshe. Wardi yana zuwa da ganyen kai biyu ko uku na waje masu duhu ko tabo. Bar su sai ranar haɗawa, su ne garkuwarsa. Lili kuwa da zarar ya buɗe, cire 'yan sandunan nan masu garin ruwan lemo da ke tsakiyarsa. Garin nan in ya taɓa farin leshi ba ya fita da daɗi. In tsautsayi ya sa ya zuba, kada a goga kada a sa ruwa, a ɗauke shi da salatif.

A bar su su sha aƙalla awa huɗu, in da hali su kwana.

Wurin ajiya: wardi da kaneshan sun fi son sanyin digiri 2 zuwa 4, amma okid da sauran furannin ƙasashen zafi sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 yana ɓata su. Firijin gida yana da haɗari, bangonsa na baya kan daskarar da fure ya yi baƙi. Wadda ba ta da ɗakin sanyi ta ware ɗaki guda, ta saki labule, ta kunna na'urar sanyi, ta jera bokitai a ƙasa nesa da inda iskar ke bugawa kai-tsaye. In wuta ta ɗauke, a daskarar da ruwa a robobi a jera su tsakanin bokitan. Kada a ajiye ayaba, mangwaro ko tumatir a ɗakin, domin 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska, etilin, mai tsofar da fure. Kaneshan ya fi kowa jin ta. Hayaƙi ma haka, na janareta ne ko na turaren wuta. A gidan biki wannan sai an yi da gaske, don ba a rasa wata baba da za ta shigo da kasko ta ce ɗakin yana warin ganye.

A hunturu busasshiyar iska ce ke tsotse fure, sai a lulluɓe kawunan da leda marar nauyi. A damina kuwa akasin haka ne, laima ke sa kan wardi ya ruɓe, don haka kada a fesa masa ruwa.

Wardin da ya sunkuyar da kai bai mutu ba tukuna. Sake yanke gindin, naɗe shi da jarida ya miƙe, tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi mai zurfi na awa ɗaya ko biyu. Haidiranjiya kuma a nutsar da kanta gaba ɗaya cikin baho, don tana sha ta kai.

Haɗawa

Koren soson nan da ake kira Oasis, mai riƙe ruwa da ake soka karan fure a cikinsa, ɗora shi za ki yi a kan ruwa ki bar shi ya nutse da kansa. In kika danna shi, waje zai jiƙe ciki ya zauna a bushe, furen da ya shiga tsakiya ya mutu ba ki san dalili ba. Kara in ya shiga, ya shiga. In kika ja shi baya, rami ya buɗe tsakaninsa da soso, sai dai ki zare ki sake huda wani wuri. Ga manyan tukwane, ragar wayar kaji da aka dunƙule a ciki ta fi araha, ana kuma sake amfani da ita.

Adon tebur ko dai ya yi ƙasa da santimita 30, ko ya haura 60 a kan siririyar ƙafa, don na zaune ya ga na gabansa. Dogayen ki ba su nauyi a gindi da yashi ko tsakuwa. Fara da ganye ki fitar da siffa, sai manyan furanni, sai ƙanana su cike gurbi, kina juya tukunyar don kowane ɓangare akwai mai kallo.

Furen hannun amarya: riƙe kara na farko a hannun hagu, kowane sabo ki ɗora shi a karkace ta fuska ɗaya, kina juya dunƙulen a hankali, har kararen su murɗe kamar igiya. Ɗaure a inda hannunki yake, daidaita gindin, mayar cikin ruwa. Sai saura rabin awa ki tsane shi da tawul ki naɗa ribon. Kada ya yi girma. Amaryar da ta zauna awanni ana zana mata lalle ba ta son abin da zai rufe hannunta, kayanta kuma sun riga sun yi nauyi. Shafa ko'ina da tafin hannunki, kada a bar ƙaya ko bakin waya da zai kama leshi ko mayafi.

Dandamali bi da bi ake yin sa: ƙarfe, yadi, fitilu, ganye, furen roba, ɗanye a ƙarshe. Kowane ƙarfe a danne ƙafarsa da buhun yashi, musamman a fili lokacin damina, inda iskar hadari kan taso ba sallama. Kyandir mai wuta ba ya zama kusa da furen roba ko labule. Gaban kujera ki bar fili sosai: nan za a yi liƙi, nan dangi za su yi cincirindon hoto, duk abin da kika ajiye a ƙasa tattake shi za a yi. Idan kin gama, koma ƙofar shiga ki ɗauki hoto da waya. Gurbin da ido ya tsallake, hoto zai nuna shi.

Ranar biki da kwashe kaya

Ɗanyen fure a cikin mota mai sanyi yake tafiya, ba a but ba, ba a bayan a-kori-kura ba. Ruwan bokiti ya zama kashi ɗaya cikin uku, a tokare su da kwali kada su kife. Jakar hannunki ta ƙunshi almakashi, waya, bindigar gam, fil, salatif, robar fesa ruwa, da bokiti ɗaya na rarar fure don musanya wanda ya gaza.

Yi hotunan aikinki kafin baƙi su shigo, su ne tallarki. Hoton da fuskar amarya ta fito kuwa, sai da izininta da na gidansu.

Baƙi suna son tafiya da furen tebur, wani lokaci har da gilashinsa. Roƙi mai gabatarwa ya sanar cewa fure kyauta ne amma mazubin na haya ne, ki kuma tsayar da yaro ɗaya a ƙofa tun kafin a fara watsewa. Ƙirga kayanki a wurin, a gaban wani daga cikin masu biki, a daren. Na roba a karkaɗe shi, a zuba a manyan jakunkuna masu zif, a ajiye inda rana da ƙurar hunturu ba sa kai wa, don rana na cinye launinsa. Ruwan da aka jiƙa soso a ciki a tace shi kafin a zubar, ɓarɓashin roba ne, ba ya ruɓewa.

Washegari ɗauko takardar lissafin nan ki gwada ta da abin da ya faru: wardi nawa ya rage, wane nau'i ne ya fara yaushi kuma da ƙarfe nawa, gilashi nawa ya ɓata, awa nawa dandamali ya ci. In kin ga tebur ya ƙoshi da wardi 4 maimakon 5, gyara lissafin kafin a kira ki biki na gaba.